Wa Ya Riƙe Madubin?

Yamai, 18 ga Nuwamba 2024

Zuwa ga Kawu Abdulgafar, a Filingue.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, an kuma gama shigar da hatsi rumbu lafiya. A gaida Inna da Haske da sauran mutan gida. Na gama gaisuwa, don da ita aka hore ni. Saura maganar.

Da gangan ban kira ka a tarho ba. In na ji muryarka zan ɗaga tawa, kai kuma ka ce layi ba kyau ka kashe. Takarda ba ta da wannan ƙofar gudu. Direban Filingue zai ba ka ita hannu da hannu.

Ka san ni da tsofaffin finafinan Turawa, baƙi da fari, waɗanda ɗalibaina na lise, wato sakandare, ke kira maganin barci. Shekara ashirin da bakwai ina gaya wa yara su duba inda haske ya faɗa da inda aka bar duhu, don can mai fim ke ajiye abin da bakinsa bai faɗa ba. Ranar Asabar da la'asar aka nuna wani a nan Yamai da aka gyara, na shekarar 1971, wai a ƙasarmu ta Kurfai aka ɗauke shi. Na tafi da murna kamar mai zuwa suna.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Baturen da ya ɗauki fim ɗin ya iya aikinsa. Dutsen Filingue da na taso ina gani kamar kayan da aka zubar, shi ya jira har inuwa ta raba shi biyu, ya fito kamar raƙumin da ya durƙusa. Ya ɗauki rumbuna daga ƙasa, sama fari fat a bayansu, sai ka ce dattawa ne tsaye a jana'iza. Akwai inda mata ke jan ruwa, ba a nuna su ba sam, inuwarsu kaɗai ke aiki a kan rairayi. Minti arba'in ina zaune ina cewa a raina, madalla da wannan ido.

Sai allon ya yi baƙi ƙirin. Cikin ɗaki ne. A hankali haske ya sauka a kan fuskar wata yarinya, fuskar kaɗai, ba wuya, ba kafaɗa, kamar wata a cikin rijiya. Ba ta kallon kyamara. Tana kallon wani abu a gefe, ba ta ƙiftawa, hawaye na gangarowa ta kan zanen kumatunta. Minti huɗu ba a yanke ba. A minti na farko, Allah ya gafarta mini, na ce ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. A na biyu ta ɗan buɗe baki, na ga haƙorin nan na sama da ya gutsure.

Kawu, Inna ce. Uwata ce, ƙanwarka Hauwa, da farin zanen takaba a kanta. Mahaifina bai cika wata biyu a ƙarƙashin rijiyar da ta rufta da shi ba. Ni kuwa ina can cikin duhun da aka bari ƙasa da haɓarta, wata bakwai a ciki. Mutum ɗari biyu suka zauna suna kallon fuskar mai takaba, ta cika bango guda, ni ma ina cikinsu ina yabon haske.

Da aka kunna fitila wani matashin malamin jami'a ya miƙe, ya ce wannan shi ne wurin da aka fi rubutu a kansa a duk fim ɗin. Wai hasken sama ne ya ziyarci baƙin ciki. Wai har gobe masana ba su san yadda aka yi shi ba, tunda ba lantarki a garin. Masana! Su zo in gaya musu. A ɗakin nan aka haife ni. Ƙofarsa arewa take kallo, a watannin sanyi rana ba ta leƙa shi ko da kuskure. Kuma hasken yana rawa, yana hawa yana sauka kaɗan-kaɗan, daidai da numfashin mutum. Hasken sama ba ya haki. Wani ne ya tsaya a tsakar gida da madubi a hannu, ya kamo rana ya jefa ta cikin idon uwata.

Na tsaya har ƙarshen jerin sunaye, kamar yadda na saba. Can ƙasa, bayan sunan direba da na kuku, an rubuta mataimakin mai haske: Abdul Gafar.

Sannan aka sanar cewa ranar 14 ga Disamba za a kai fim ɗin Filingue, a nuna shi a gidan matasa, kuma wan matar ya ba da izini da sunan iyali. Ba za a yi wannan ba ina raye. Gobe zan rubuta wa masu shirin. Amma kafin nan ina son in ji daga gare ka: wa ya riƙe madubin, kuma Inna ta san abin da aka yi da fuskarta?

Allah ya ƙara lafiya.
Ɗiyarka, Basiratu.


Filingue, 22 ga Nuwamba 2024

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Malama Basiratu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya ke da maigidanki da yara. Ƙafa da sauƙi, hatsi kuma mun gode Allah, ba mu cika rumbu ba amma ba mu ji kunya ba.

Takardarki ta iso. Na karanta ta sau biyu, na aje, na yi alwala, sannan na ɗauki alƙalami. Boko ya ba ki kaifin harshe, amma ki tuna ni na fara kai ki lakkwal, makarantar bokon, a bayan kekena.

Ni na riƙe madubin. Ban taɓa ɓoyewa ba, ba a dai taɓa tambayata ba. Lokacin ina da shekara ashirin da biyu, ni kaɗai ke jin Faransanci a unguwarmu. Mutanen gari sun sa wa Baturen suna Mai-jiran-rana, don yakan wuni zaune a gindin gawo bai ɗauki komi ba. Wata rana ya hangi Hauwa ta ƙofar ɗaki, ya ce fuskar nan yake nema tun daga ƙasarsu. Na ce mai takaba ce. Ya ce ai shi ya sa. Na gaya wa tsofaffi hoton gwamnati ne, umurnin kumandan mai mulkin gari ne. Wannan ƙarya ce, na kuwa yi istigfari a kanta a gaban Ka'aba.

Amma dabarar madubin tawa ce, ba ta Bature ba. Sun kwana biyu suna fama da farin ƙyalle da kwanon rufi, ɗakin ya ƙi haske. Ni na tahi wurin tela na aro babban madubinsa, na tsaya bakin rijiyar gida da azahar, na karkata shi har rana ta shiga. Baturen ya rungume ni. Kin ce hasken na rawa. Ki ɗauki madubi mai tsawon mutum ki riƙe shi minti huɗu, sau goma sha ɗaya, kwana uku, ki gani in naki ba zai yi rawa ba.

Batun kallon gefe da malamanku ke yabo, ba hikimar kowa ba ce. Baturen ya so ta kalli kyamara. Ta ƙi, don idonsa na bayan kyamarar, mai takaba kuwa ba ta kallon namijin da ba muharraminta ba. Duk gidan ni kaɗai ne ya halatta ta kalla. Sai ta kalle ni. Na ce mata kar ta ƙifta, sai ba ta ƙifta ba. Kin san uwarki.

Bayan haka ta ɗan yi kukan wani baƙin abu shina yi mata yawo a ido. Munka sa mata tozali, ta daina magana a kai. Ke nan ya wuce.

Yanzu ki saurare ni. Na yi shekara talatin da ɗaya ina buga hatimi a biro, ofishin gwamnati, ba wanda zai tuna da ni a kan haka. Abu guda na yi a duniya da aka kalla a ƙasashen da ban taɓa takawa ba. An ce ranar sha huɗu za a kira sunana a gaban jama'a. Ina da shekara saba'in da biyar. Uwarki ba ta san da maganar ba, kuma ban ga amfanin tayar mata da tsohon miki ba. Ki bar takardar da kika ce za ki rubuta.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki, Alhaji Abdulgafar.


Yamai, 26 ga Nuwamba 2024

Haske ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna, yaya yara, yaya aikin asibitin haihuwa? Ki karanta wannan ke kaɗai, ba a zauren Kawu ba.

Na haɗo miki kwafin takardata da amsar Kawu, ki gani da idonki. Abin da ya fi tsaya mini ba ƙaryar kumandan ba ce, ba kuma kwaɗayin tafi ba ne na tsoho. Layi biyu ne da ya jefa kamar ɓawon gyaɗa: baƙin abu a ido, an sa tozali, ta yi shiru, ke nan ya wuce. A garinmu mace ta yi shiru, an ce ta warke.

Na je wurin Dakta Bashir, likitan ido, mijin abokiyar aikina. Ban ce uwata ba ce. Na ce a ce mutum ya ƙura wa rana ido a cikin madubi, minti huɗu, sau goma sha ɗaya. Ya cire gilashinsa ya ce, wane azzalumi ne ya sa shi? Ya ce rana kan ƙone tsakiyar ido, wurin da ake ganin fuska da rubutu da kafar allura. Gefe yakan tsira. Mutum zai yi tafiyarsa, ya yi daka, ya yi shara, ba wanda zai ce makaho ne. Amma duk abin da ya kalla kai tsaye, rami zai gani.

Tun daga asibitin har gida ina lissafi. Inna ba ta taɓa zura zare a allura ba, mu take ba. Tsintar shinkafa da yatsa take yi, fuskarta na wani wajen. Ranar da na kawo sakamakon jarrabawata na miƙa mata, ta shafa takardar ta mayar mini. Duk Filingue ana cewa ba mace mai kunya kamar Hauwa, ba ta taɓa haɗa ido da kowa ba. Ni kuwa abin ya fi yawa a kaina. In na shigo ɗaki sai ta kau da kai gaba ɗaya, ta daɗe a haka. Na ce ni ce 'yar fari, al'ada ce, ba ta kiran sunana, ba ta kallona. Na karanta littattafai a kan al'adar, har na koyar da ita, na kare ta a gaban Turawa. Amma ranar aurena, da aka kai ni in yi mata sallama ta juya fuska bango, na yi kukan da ba na amarya ba.

Na riga na rubuta wa masu shirin fim ɗin takardar hani. Tana cikin jakata, ban aika ba tukuna. Ina son ki yi mini abu ɗaya. Ki zauna gabanta da rana, daf da ita, ki tambaye ta me take gani. Kar ki bari ta kauce da zancen miya. Kuma ki gaya mata komai, da fim ɗin da ranar sha huɗu. Kawu ya yanke hukunci a kan fuskarta sau biyu ba da saninta ba, ba zan zama ta uku ba, ko da yake na san abin da za ta ce.

Yayarki, Basiratu.


Filingue, 1 ga Disamba 2024

Yaya Basiratu,

Ina gaishe ki, ina gaida Baban su Hauwa ƙarama. Mu nan lafiya lau, in ban da ni da na kwana biyu ina zuba gishiri a shayi.

Kin ce kin san abin da za ta ce. Yaya, da duk littattafanki ba ki sani ba. Ki nemi wuri ki zauna.

Jiya da hantsi na same ta tana ɓarar wake a gindin darbejiya. Na zauna gabanta har gwiwarmu na gogar juna. Na ce, "Inna, mi kike gani?"

Ta ce, "Ina ganin mace mai aure da ba ta da aikin yi."

Na ce, "Fuskata nike tambaya."

Hannunta bai daina ɓara ba. Can ta ce, "Kallabinki shuɗi ne. Ga 'yan kunnenki. Tsakiya kuwa kamar gindin tukunya." Sannan ta karkata kai wajen rumbu, irin yadda take yi, ta ce, "To yanzu ga hancinki nan, irin na ubanki, Allah ya sawwaƙe."

Yaya, kin gane? In ta kau da kai, a lokacin ne take kallo. Da gefen ido take gani. Shekara talatin da takwas ina gidan nan, ni da nake aikin asibiti, ban lura ba.

Na ce, "To Yaya fa, da kike juya mata ƙeya tun tana ƙarama?"

Ta yi dariya har wake ya zube. Ta ce, "Waccan? Ai ita na fi kallo duk duniya. Sauran mata satar kallon ɗan fari suke yi, in an kama su a yi musu dariya. Ni kuwa gaban kowa nike zama in ƙare mata kallo son raina, ana cewa kai, Hauwa akwai kunya." Ta ce ranar aurenki ta bi ki da ido tun daga lallen ƙafa har goshi, wuyanta ya kwana uku yana ciwo.

Na yi kuka. Ta ce in tashi daga kan wakenta.

Na tambaye ta ko ta san abin da ya jawo. Ta ce tun rana ta biyu ta sani. Na ce to don mi ta koma ta uku? Ta ce, "Yayana ya ce in kalle shi. Hannunshi na makyarkyata, na ce in na ƙifta Baturen zai yi mai faɗa." Na ce don mi ba ta faɗa wa kowa ba? Ta ce, "In faɗa, uwarmu ta tsine mai? In rasa miji, in rasa ido, in rasa ɗan'uwa, duk shekara guda? Ke ma dai."

Sai na gaya mata batun ranar sha huɗu, na ce kin rubuta takardar hanawa. Ta tambayi girman allon. Na ce an ce ya kai bangon gidan matasa, fuskarta kaɗai ta cika shi. Ta aje ƙwaryar. Ta ce, "Fuska guda, bango guda?" Na ce i. Sannan ta ce in rubuta miki wannan yadda ta faɗa, kar in gyara:

"Ki ce ma waccan ta bar takardarta. Takabata ta ƙare tun ranar da ta faɗo duniya, ba sauran abin ɓoyo. Baƙin nan nawa bai wuce faifai ba, ba ya rufe bango. Rabona da ganin fuska cikakka, ido biyu da hanci da baki a wuri guda, tun ina da shekara sha takwas. Zan tahi in ga yarinyar. Amma ba ita na fi so ba, na san ta. In masu injin nan suna da kirki, in an gama, su ɗauki waccan su sa ta a bangon. Gutsu-gutsu na san ta, kunne yau, haɓa gobe. Ina so in gan ta a haɗe kafin in mutu."

Kawu ya shigo ana cikin haka, ya tsaya bakin ƙofa, ya ji rabin maganar. Ya ce, "Hauwa, ashe bai wuce ba?" Ta ce, "Wa ya ce maka ya wuce?" Ya nemi bango ya dafa. Tun jiya bai fito zaure ba, ko masallaci sai da aka aika. Ya ce in gaya miki ba zai je ranar sha huɗu ba. Inna ta ce zai je, kuma kusa da ita zai zauna, don shi zai gaya mata in an zo wurin.

Shawara ta rage gare ki. Ni dai na isar.

Ƙanwarki, Haske.


Yamai, 5 ga Disamba 2024

Haske,

Ina gaishe ki. Ki gaida Inna.

Na yaga takardar. Na je wurin masu shirin da ƙafata. Sun ce abu ne mai sauƙi, suna da kyamarar da ke jefa hoto a allo nan take. Matashin malamin ya fara yi mini bayanin irin hasken da zai fi dacewa da fatata. Na ce fitilar ɗakin ta isa, kuma duk wanda ya matso kusa da ni da abu mai ƙyalli zai koma Yamai da shi a wuya.

Ki gaya wa Kawu za a kira sunansa, ban hana ba. Amma bayansa ni zan karɓi lasifika, in gaya wa Filingue yadda aka yi hasken da abin da ya ci. Ya zauna ya ji. Ban yafe ba, kar a ce masa na yafe.

Zan shigo motar safe ranar sha uku. Ki nemo mini mai kitso. Shekarata hamsin da biyu, na sha tsayawa gaban azuzuwa da sufetoci ban taɓa jin tsoron a kalle ni ba, yau tun safe na canza kallabi huɗu.

Ki tambayi Inna minti nawa take so. Ba zan motsa ba sai ta ce ya isa.

Yayarki, Basiratu.